Tsibin duwatsun hanyar Agadas

Jama'a ashe tsibin duwatsun nan da ake hangowa a daji in an wuce Tanut da Aderbisinat kaburbura ne! Motarmu ce ta yi zafi wajen dutsen Tigidit muka sauka, ina ƙoƙarin hawa tsibi ɗaya in nemi rezon waya sai wani dattijo Buzu ya riƙo hannuna ya ce yaro sauko, mutum ne kwance a ƙasa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Baƙaƙen duwatsu an tara su a zagaye, manya a gindi ƙanana a sama, tun kafin zuwan Musulunci suke nan, gawar ma a dunƙule ake sa ta, gwiwa a ƙirji, ba a miƙe irin tamu ba.

Da na dawo Damagaram na yi ta bincike a waya har na tarar da labarin Gobero can cikin hamadar Tenere, inda masu neman ƙashin dinozor, ƙattin dabbobin nan na zamanin da, suka yi kiciɓis da maƙabarta a 2000, kaburbura wajen 200, ciki har da mace da yara biyu rungume da juna sama da shekara 5000. Ga ƙashin dorina da kada da kifi a wurin, tafki ne fa a da! Mu ko a lakwal tarihin Faransa aka yi ta ɗura mana.