Mako na tara ina bin 'yar kiwo a bakin Gulbi

'Yan uwa masu koyon kallon tsuntsaye, ina gajiya? Kun ji ni shiru kwana biyu, ba fasawa na yi ba. Ga inda aka kwana.

Tun farkon Oktoba nake bin tsuntsuwar nan da littafin da na aro ya kira Motacilla flava, Faransawa kuma suke ce mata bergeronnette printanière, kusan a ce 'yar makiyayiya. Ni dai 'yar kiwo nake rubutawa a kayena. Makonni ukun farko aikin banza na yi. Launi na sa a gaba, duk abin da ya gifta da ruwan ɗorawa a ciki sai in ɗauki biro. Ashe yawancinsu masu saƙa sheƙa ne a rassan itace, ɓarayin geron nan da muka sani. Shafi huɗu na soke.

Wanda ya fid da ni wani dattijo ne mai kiwo a lambunan wajen Jiratawa, kusa da Maraɗi. Ya ga ina ta ɗaga kai ina leƙen itatuwa, ya ce, "Samari, me ka ɓatar a sama?" Na gaishe shi, na nuna masa hoton. Ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba ta hawa can. Dubi ƙafar saniyar can."

Na duba kuwa. Ga ta nan a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tazararta da kofato ba ta kai kamu ɗaya ba. Saniya ta ɗaga ƙafa, ƙananan ƙwari suka tashi daga ciyawa, ta ruga da gudu ta cafke ɗaya, ta tsaya cak, wutsiya na sama da ƙasa. Abin da balbela ke yi ke nan, sai dai ita a ƙaramin jiki. A nan na gane tafiya ce ke tona ta. Masu cin gero tsalle suke da ƙafa biyu a haɗe, bakinsu gajere mai kauri. Ita takawa take ɗaya bayan ɗaya, kai na gyaɗawa, baki siriri irin na mai cin ƙwari. In ta tashi za ku ga fari a gefe biyu na wutsiya, tashin kuma hawa da sauka ne, tana ɗan kuka siriri, "tsiip". Yanzu ko ban ɗaga kai ba, kukan nan ya ishe ni.

Kada hoton littafi ya ruɗe ku. Wannan rawayar mai haske kayan bazara ne. A yanzu da sanyi launinsu a dishe yake, 'yan bana ma cikinsu fari-fari ne, sai ɗan rawaya ƙarƙashin wutsiya. Wajen Fabrairu da Maris suke sake gashi, a lokacin ne kan namiji ke faɗa maka inda ya fito: mai kai toka-toka da farar gira daga tsakiyar Turai, mai baƙin kai daga yankin Girka da Turkiyya, mai rawayan kai daga Ingila. Ban kai nan ba tukuna, kuma ba na son in yi gaggawa. Akwai kuma 'yar uwarta mai fari da toka da baƙi, ba rawaya ko ɗigo. Sau biyu na gan ta kusa da rijiyar lambu.

Abin da har yau nake jinjinawa shi ne girmanta. Tsawo santimita 16 ko kusa da haka, rabi kusan wutsiya ce, nauyi wajen giram 17, ƙwayar sukari uku ke nan. Da wannan jikin take ƙetare tekun Bahar Rum da Sahara. Shamuwa da damina take zuwa mana, ta yi sheƙa a tsakiyar gari. Ita wannan sai an fara girbi take sauka, kuma ba ta taɓa ƙwai a nan, can Turai take yi a ƙasa cikin ciyawa. Kafin ta koma a Maris ko Afrilu sai ta ci ta tara kitse, shi ne guzurinta.

Madubin hangen nesana ido ɗaya ya yi hazo, ƙurar hunturu ta shige shi, don haka kusa nake matsowa. Na lura in na tsuguna bayan garke ba sa kula ni, in na miƙe ni kaɗai a fili sai su watse.

Jiya gab da magariba na ga suna wucewa ƙungiya ƙungiya, duk sun nufi waje guda. Kwana suke tare cikin dogayen ciyayin bakin ruwa. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan hau moto zuwa tafkin Madarunfa in nemi makwancinsu. Wanda zai je, mu haɗu bayan la'asar, ya zo da takalmin da ba ya jin tausayinsa, don akwai taɓo.