Wane Harsashi Za Ka Samu Ran Da Kasuwa Ta Bushe?

Duk mai shagon kayan farauta a jihar Ohio ta Amurka ya san tambayar da ke biyo bayan cinikin bindiga samfurin AR-15: "Wane harsashi ne ya fi?" Mai tambayar yana so ne a gaya masa wanda ya fi ƙarfi ko ya fi nisan zango. Mu da muke cika kanta muna kallonta tana ƙarewa, lissafinmu daban ne. Abin da muke fara dubawa shi ne ko harsashin zai samu a lokacin tsanani, sannan ko dokar jiha ta yarda a yi farauta da shi. Na ce dokar jiha domin a nan kowace jiha da nata tsarin. Mai karatu a Najeriya ya sani cewa dokar bindigogi ta 1959 ba ta sakar wa farar hula irin wannan bindiga ba, wannan bayani na kasuwar Amurka ne.

Asalin harsashin bindigar shi ne 5.56, da ɗan'uwansa .223 Remington wanda ya shigo kasuwa a 1964. Girman kwansonsu kusan ɗaya ne, amma mazauninsu a cikin bututu ya bambanta. Na 5.56 yana da ɗan tsawon maƙogwaro kafin kan harsashi ya kama murɗin bututu. In ka sa 5.56 a bututun da aka rubuta wa .223 kaɗai, matsin albarushi yana haurawa, har ka ga firaima, wato ɗan maɓallin gindin kwanso mai tayar da wuta, ta fice daga gurbinta ta faɗa cikin kayan kunama. Akasin haka ba matsala. Bututun da aka rubuta wa .223 Wylde yana cin duka biyun. Shi ya sa kafin mu miƙa wa mutum kwali muke cewa ya karanta abin da aka zana a jikin bututunsa. A duba murɗi kuma: 1:9, wato juyi ɗaya cikin tsawon inci 9 na bututu, yana riƙe kan harsashi mai giren 55 zuwa 62 lafiya (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), amma mai giren 77 yana son 1:8 ko 1:7, in ba haka ba sai ya riƙa tangaɗi a iska ya huda takardar saiti ta gefe.

Dalilin da ya sa 5.56 ke dawowa kanta da wuri bayan kowane ƙaranci shi ne yawan masu yin sa. Masana'antar soja ta Lake City a jihar Missouri, wadda kamfanin Winchester ke gudanarwa tun 2020, tana sayar da rarar da ta yi ga kasuwa, ga kuma kamfanonin ƙasashen waje masu yin sa bisa ma'aunin NATO. A 2013, bayan harbin makarantar Sandy Hook, mutane suka ji tsoron sabuwar doka suka kwashe kaya. A 2020 annobar korona ta zo, miliyoyin mutane suka sayi bindiga karo na farko, kamfanin Remington ya durƙushe, masana'antarsa ta Lonoke a Arkansas ta yi rauni har sai da Vista Outdoor ta saye ta. A irin wannan lokaci masana'anta ba ta tsayar da inji don sauya ma'auni. Sai ta bar shi yana zubo 9mm da 5.56 dare da rana, ƙananan nau'o'i kuwa su jira watanni. Wanda bindigarsa ɗaya ce kuma ba ta cin komai sai 6.8 SPC ko .224 Valkyrie, ya ga haka da idonsa.

To me ya sa mutum zai bar 5.56? A nan Ohio amsar gajeriya ce, ba a harbin barewa da shi. Tun 2014 jihar ta halatta farautar barewa da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso, daga faɗin inci .357 zuwa .50, kuma kada a wuce harsashi 3 a cikin bindiga. Wannan doka da irinta a maƙwabta ita ta sa Winchester ya fito da .350 Legend a 2019. Yana amfani da sakatar 5.56, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, sai dai a sauya bututu da gidan harsashi, domin haƙarƙarin da ke cikin gidan 5.56 yana tare miƙaƙƙen kwanso. Tokarinsa a kafaɗa kaɗan ne, ya dace da matashi ko sabon mafarauci, kuma cikin mita 150 zuwa 200 yana kayar da barewa ba tare da azabtar da ita ba. Shi nake fifitawa a kan .450 Bushmaster ga yawancin mutane. Wancan ya fi ƙarfi, amma tsadarsa da dukan da yake yi suna hana mutum yin atisaye, kuma wanda bai saba da bindigarsa ba shi ne ke raunata dabba ta gudu ta mutu a daji. Sai dai .350 kayan kaka ne. A saye shi a watan Agusta, kada a bari sai Nuwamba ta kawo jiki.

.300 Blackout, wanda hukumar ma'auni ta SAAMI ta amince da shi a 2011, shi ya fi sauƙin sauyi: bututu kawai, sakata da gidan harsashi na 5.56 ne. Wannan sauƙin shi ne haɗarinsa. Harsashin .300 yana iya shiga mazaunin 5.56, sakata ta tura kansa cikin kwanso ta rufe, mutum ya ja kunama, kan harsashi mai faɗin milimita 7.62 ya nemi wucewa ta rami mai 5.56. Saman bindigar yana tarwatsewa, gidan harsashi ya fashe ta ƙasa, mai harbi ya ji ciwo a hannu ko fuska. Duk wanda ya sayi wannan nau'i, muna haɗa masa da tef mai launi ya naɗe gidajen harsashinsa, kuma kada ya kai nau'o'in biyu teburin harbi lokaci guda. Don farautar aladun daji a jihohi irin Texas, a ɗauki mai giren 110 zuwa 125. Mai nauyin 190 zuwa 220 a hankali yake tafiya, kuma yawancinsa ba ya buɗewa a jikin dabba sai wanda aka ƙera musamman don haka.

6.5 Grendel na kamfanin Alexander Arms, wanda ya fito a 2003, ina ganin girmansa. Kan harsashi mai giren 123 yana riƙe gudu ya jure iska fiye da yawancin waɗanda na ambata, kuma ya cika sharaɗin jihohi irin Colorado da ba sa yarda da ƙasa da faɗin .24 a kan manyan dabbobi. Amma yana buƙatar bututu da sakata da gidan harsashi nasa na kansa, kuma sakatar iri biyu ce: mai zurfin fuska inci .125 da mai .136. In aka haɗa sakata da bututun da ba nata ba, ko dai ta ƙi rufewa, ko ta rufe da rata, kwanso ya miƙe ya tsinke. A sayi biyun wuri ɗaya, a kai wa maƙerin bindiga ya gwada da ma'aunin rata. Arahar atisaye da Grendel a da ta dogara ne kan harsashin Rasha mai kwanson baƙin ƙarfe. A Agustan 2021 gwamnatin Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, kan batun gubar da aka sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny, sai kayan ya yi ta janyewa daga kanta. Wannan mataki ya taɓa 7.62x39 ma, wanda dama a AR-15 yana da fitina: yana son lanƙwasasshen gidan harsashi, faɗin gindinsa yana rage kaurin sakata, taurin firaimar Rasha kuma yana sa bindiga ta ƙi tashi sai an sa doguwar allurar bugun firaima.

Shawarar da muke ba mai kuɗi daidai gwargwado ita ce ya bar bindigarsa a 5.56, ya sayi saman bindiga na biyu, wato ɓangaren da ke ɗauke da bututu da sakata, a nau'in da dokar jiharsa ta amince da shi. Fil 2 ake turawa, saman ya fita, a dasa wani, madubin saiti na kowanne yana nan a jikinsa. Kafin ya biya, ya leƙa shaguna uku na yankinsa ya ga ko akwai nau'in a kanta, kuma kamfani nawa ke yin sa. In kamfani ɗaya ko biyu ne kacal, ya yi tanadin na shekara biyu tun kaya na nan. A zuba shi cikin akwatin ƙarfe mai roba a murfi, da ƙunshin maganin danshi, a wuri mai sanyi, a kulle nesa da yara, a rubuta lambar rukunin kowane kwali a jikin akwatin, domin in kamfani ya janye wani rukuni saboda lahani, da wannan lambar ake gane shi.