Kilam mita a shagon gyaran kwamfuta: yadda muke auna wutar da kowace waya ke ɗauka

Kwamfutar tebur mai mutuwa da kanta da zarar an ɗora mata aiki mai nauyi, ita ta fi wahalar da masu gyara. Sai a auna bolt, a ga 12.1, a ce fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, lafiyarsa ƙalau. Mita kuwa ba ƙarya ta yi ba, don ƙa'idar ATX, wadda ake ƙera fawa-fak bisa ita, ta yarda da 11.4 zuwa 12.6. Amma bolt ba ya faɗin amfiya nawa, wato yawan wuta, ke bi ta kowace waya, kuma sau da yawa a nan cutar take. Shi ya sa a shagonmu ba a yanke wa fawa-fak hukunci sai an sa kilam mita, wato mitar nan mai baki kamar ƙaguwa, wadda ke rungumar waya ba tare da an yanke ta ba.

Tun wurin saye ake kuskure. Yawancin kilam mitocin da ke hannun masu wayarin gida AC kaɗai suke karantawa, wato irin wutar soket, alhali abin da ke fitowa daga fawa-fak DC ne, irin wutar batir. Ka rungumi waya da irinsu, sifili za ka gani ko da waya tana zafi. Wadda ake bukata ita ce mai na'urar Hall a bakinta, wadda ke jin maganaɗisun da wuta ke haifarwa a waya, kuma za a ga an rubuta DC A a jikinta. UNI-T UT210E ta wadatar: tana da matakan amfiya 2, 20 da 100, bakinta ƙarami ne, yana shiga tsakanin wayoyi.

Kafin awo, a rufe bakin mita ba waya a ciki, a riƙe ta yadda za a riƙe ta wurin aiki, sannan a danna ZERO. Maganaɗisun ƙasa da wanda ya saura a ƙarfen bakin suna iya motsa lamba, har juya hannu ma yana sauya ta. Ƙurar hunturu idan ta maƙale a leɓen bakin, ba ya rufuwa sosai, lamba sai ta yi ƙasa. A goge tukuna.

Launukan wayoyin fawa-fak kuwa: rawaya bolt 12 ce, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3, baƙa ita ce hanyar komawa. Wanda ya haɗa rawaya da baƙa a baki ɗaya ya yi aikin banza, domin wuta tana tafiya ta wannan tana dawowa ta waccan, sai su kashe juna. Rawaya zalla ake kamawa. Idan alamar ragi ta fito gaban lamba, mita ce ta juya baya, ba wata matsala ba ce.

Ga inda nake so masu koyo su tsaya da kyau. Katin hoto shi ne allon da ke fitar da hoto zuwa fuskar kwamfuta, kuma fuloginsa mai fil 8 an yi shi don wat 150. Raba da 12, amfiya 12.5 ke nan, kuma wayoyi rawaya 3 ne ke ɗauka, kowace kusan 4.2. A kunna aikin da zai matsa wa katin, a kama ukun tare a rubuta jimla, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaya na nuna 8, ɗaya 3.5, ta uku 1, to fil ya saki ko ya yi tsatsa, kuma 'yar'uwarta ce ke ɗaukar kayan. Jimlar daidai take, bolt daidai yake, amma robar fulogi tana dahuwa. Sau da yawa idan ka zare shi za ka ga bakin rami guda ya koma ruwan ƙasa. Fulogin 12VHPWR, wanda labarin narkewarsa ya bazu da katin RTX 4090 a 2022, ya fi tsanani: wat 600 kan wayoyi 6, fiye da amfiya 8 kowace, babu sararin da ɗaya za ta yi kasala. A tuna kuma katin yana iya jan wat 75 ta ramin madabod, wato babban allon kwamfuta, wanda ba zai fito a wannan awon ba.

Ƙaramar wuta, irin ta fanka, mita ba ta kama ta da kyau. Sai a naɗa wayar sau 10 ta cikin bakin, a raba abin da ya fito da 10.

Ta gefen soket, igiyar gaba ɗaya ba ta aunuwa, dalilin dai ɗaya ne: mai zuwa da mai komawa suna kashe juna. Mukan yi guntuwar igiya ta musamman da aka raba wayoyinta, rufin kowace yana nan, a kama mai wuta kaɗai, mita tana kan AC.

Fawa-fak na zamani masu igiyoyin cirewa galibi wayoyinsu baƙaƙe suke zuwa, don haka sai an gano waya mai bolt 12 da mita tukuna. Idan awo ya nuna igiya ce ta lalace, kada a ɗauko ta wani kamfani don kawai ta shiga ramin. Tsarin fil na gefen fawa-fak ba ɗaya ba ne, kuma hakan kan ƙone faifan ajiya ko kati nan take. Murfin fawa-fak kuwa ba a buɗe shi don wannan aikin. Babban kafasitan da ke ciki, wato ma'ajiyar wuta, yana riƙe kusan bolt 400, kuma yana iya ajiye wutar ko bayan an zare fulogi.