Gabana ya daina faɗuwa

Jiya maƙwabciyata a nan Agege ta buga ƙofa da ƙarfi, sai bayan na buɗe na lura gabana bai faɗi ba. Da kuwa, ko ƙarar makulli na ji sai jikina ya ɗauki rawa, na san mai dukana ya dawo gida.

Kowa "ki yi haƙuri" yake ce mini. Wata Bayarabiya mai sayar da tattasai ce ta gaya mini Legas na da dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, ga kuma DSVA, hukumar jihar da ke yaƙi da cin zarafi, mai sauraron irinmu.

Mafarkin dukan bai rabu da ni gaba ɗaya ba. Amma yanzu ni ke ƙirga cinikin awarata, bakina ya iya cewa a'a, har wata ƙanwa ta fara kawo mini nata kukan.