Abin da injin Pontiac GTO ya koya mini game da lambobi

A shekararmu ta ƙarshe a sashen koyon kanikancin mota, malaminmu ya ba kowannenmu aikin rubuta tarihin inji guda, tun daga ƙirƙirarsa har zuwa lokacin da aka daina ƙera shi. Ni na zaɓi injin Pontiac GTO, wadda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin uwar motocin nan na Amurka masu matsakaicin jiki da ƙaton inji, waɗanda suka yi tashe daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Yawan ƙarfin dokin da ake rubutawa a kanta ne ya ja hankalina, domin a lokacin ina ganin wannan lamba ita kaɗai ce ma'aunin darajar inji.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, ba a ƙera wa motar sabon inji ba. A farkon 1963 kamfanin General Motors, wanda Pontiac ɗaya ne daga cikin sassansa, ya hana sassan nasa shiga tseren motoci, kuma yana da dokar da ta hana sanya injin da ya wuce 330 a ma'aunin incin Amurkawa, wato kusan lita 5.4, a cikin matsakaitan motocinsa. Babban injiniyan Pontiac na lokacin, John DeLorean, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, sun lura cewa injin 326 da ke cikin matsakaiciyar motarsu Tempest da injin 389 na manyan motocinsu girmansu ɗaya ne daga waje, don haka babban zai zauna a mazaunin ƙaramin ba tare da wahala ba. Sai suka ɗora injin mai silinda 8 da lita 6.4 a kan Tempest LeMans, suka sayar da shi a matsayin ƙarin kaya da mai saye ke zaɓa, ta haka suka kauce wa dokar. Mai kafireta ɗaya yana ba da ƙarfin doki 325, mai kafireta uku da ake kira Tri-Power kuma 348. An yi hasashen sayar da 5,000, amma a 1964 kaɗai aka sayar da 32,450. Na daɗe ina tunanin wannan, domin basirar waɗannan mutane ba ta wuce sanin kayan da ke gabansu ciki da waje ba, irin sanin da tsohon bakanike ke da shi idan ya kalli inji ya ce maka zai shiga ko ba zai shiga ba tun kafin a ɗauko abin awo.

Kuskurena ya zo ne a babin faɗuwar motar. Na rubuta cewa injin 400, wanda ya maye gurbin 389 tun 1967, ya faɗo daga ƙarfin doki 350 a 1970 zuwa 250 a 1972, na kuma ɗora laifin duka a kan dokar tsaftace iska ta Amurka ta 1970. Malam ya ja layi a ƙarƙashin jimlar, ya kira ni ya ce, "Ɗana, waɗannan lambobi biyu da mudu ɗaya aka auna su?" Na ce masa, "Malam, ban duba ba." Ya mayar mini da takardun ya ce in je in duba.

Da na koma na gano cewa kafin 1972 kamfanonin Amurka suna auna injin ne tsirara a kan teburin gwaji, ba tare da matatar iska da salansa da sauran kayan da ke cin ƙarfinsa a cikin mota ba, daga 1972 kuwa suka koma auna shi da kayansa duka. A 1971 an buga lambobi biyu a kan inji guda, 300 a tsohon awo da 255 a sabo. Ashe asarar gaskiya ta faru ne tsakanin 1970 da 1971, lokacin da aka rage matsin da fistin ke yi wa cakuɗar iska da mai daga sama da ninki 10 zuwa kusan ninki 8, domin injin ya iya shan fetur maras dalma ko mai ƙarancinta. Kusan rabin faɗuwar da na yi ta kuka a kai sauyin mudu ne kawai. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin da aikin wani ne aka ba ni in duba da irin wannan karatu, da na yanke masa hukuncin da bai dace ba.

Daga nan na fara karanta sauran motar da ido daban, sai na ga abin da lambar doki ta rufe mini. GTO ta 1964 ta fito ne da ƙananan birkin diram na Tempest a ƙafafunta huɗu, kuma birki mai faifai a gaba bai zo ba sai a 1967, shi ma sai wanda ya biya ƙari. A ganina wannan sakaci ne, ko da kuwa zamanin ya saba da shi, domin matasa ne aka yi wa tallar motar. Kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi a kan irin waɗannan motoci, takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka saka a 1973 ya ƙarasa su, kuma motar da aka sayar da kusan 97,000 a 1966 ta tsaya a kusan 7,000 a 1974, shekarar da aka dakatar da ita.

Bayan na fara aiki a gareji, wani mai mota ya zo yana so a cire injinsa a sa masa wanda ya fi girma, ya kuma nuna mini lambar ƙarfin dokinsa a waya. Na ce masa, "Alhaji, mazaunin zai karɓe shi, amma bari mu fara duba birki da giya da lagireto." Muka kwance ƙafafun gaba tare, ya ga faifan birkin ya cinye har ya yi rami, sai ya ce a ajiye maganar inji zuwa wata mai zuwa, a fara da wannan.