Layin da ya bi ta cibiya ya cinye mini rabin maki

Tambayar, a jarrabawar lissafi, ba ta kai layi biyu ba: a nemo duk miƙaƙƙen layin da ya bi ta ɗigon (2, 3), wanda mahaɗarsa ta x da ta y, wato inda ya yanke layin x da inda ya yanke layin y, suka zo daidai. Ko minti biyu ban ɓata ba. Na kira mahaɗar a, na rubuta x/a + y/a = 1, na saka 2 da 3, a ya fito 5, layin ya zama x + y = 5. Na wuce tambaya ta gaba hankalina kwance.

Da takarda ta dawo, rabin maki na gani, malam kuma ya rubuta a gefe da jan biro: ina na biyun?

Na biyun shi ne 3x − 2y = 0. Saka 2 da 3, shida a debe shida, sifili. Layin ya ratsa ta cibiya, wato (0, 0), don haka mahaɗar x sifili ce, ta y ma sifili, kuma ai sifili daidai yake da sifili. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba a ƙarshen aikin na yi kuskure ba. Tun daga rubutun farko na kore shi, domin duk wanda ya raba da a ya riga ya yarda cewa a ba sifili ba ne. Wannan siga ta x/a + y/b = 1 ba ta ɗaukar layin da ya bi ta cibiya sam, kuma na san haka tun kafin ranar, sauri ne kawai ya rufe mini ido.

Yanzu daga y = mx + c nake farawa, inda m ke nuna karkatar layin. Mahaɗar y ita ce c, ta x kuma −c/m. In ka daidaita su, c(m + 1) = 0 zai fito, ga amsa biyu a gabanka: ko m = −1, ko c = 0.

A kula da alamar debewa ma. Layin x − y = −1 shi ma ya bi ta (2, 3), mahaɗunsa −1 da 1. Nisansu daga cibiya ɗaya ne, amma ba daidai suke ba. Wannan na kama shi a jarrabawar, na cibiyar ne ya kuɓuce mini, kuma har yau in na ga x/a sai na tsaya na tambayi kaina: in a sifili ne fa?