Ranar da na kare dokar hoton ciki ta Texas

Lokacin ina karatun aikin jinya a Houston, malamarmu ta raba mu gida biyu don muhawara, ni aka ba ni kare dokar da Gwamnan jihar Texas ta Amurka, Rick Perry, ya sa wa hannu a 2011. Dokar ta ce kafin a zubar wa mace da ciki sai an yi mata sikanin, aƙalla awa 24 kafin aikin. Likita zai juyo mata da allon, ya jiyar da ita bugun zuciya, ya bayyana mata abin da ke ciki. Tana iya kawar da kai daga allon, amma bayanin dole ta saurara, sai fa irin wadda aka yi wa fyaɗe.

Na karɓa da hannu biyu, domin tarbiyyata da addinina ba su ɗauki ran ɗan tayi da wasa ba. Hujjata a lokacin ita ce hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Casey a 1992, wanda ya yarje wa jiha ta sa a ba mace bayani na gaskiya kafin ta yanke shawara, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dokar a 2012.

Abokiyar karawata, wadda ta daɗe tana aiki a ɗakin haihuwa, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce ai da doka da babu, likitoci kan yi sikanin don sanin kwanakin ciki. Abin da dokar ta ƙara shi ne tilas: a sa wa likita magana a baki, mace na kwance a gado ba halin tashi. Ta tuna mana cewa ƙaramin ciki sau da yawa ba ya fitowa ta saman mara, sai an saka na'urar ta gaba, abin da ya tayar da ƙura a jihar Virginia a 2012 har aka gyara ƙudurin irin wannan doka da ake shirin yi a can. Sannan ga matar da ke aikin yini, ga kuɗin mota zuwa biyu saboda jiran awa 24.

Nan na gane tambaya biyu muke cakuɗawa: ko zubar da ciki daidai ne, da kuma wa ke da ikon tsara abin da za a faɗa tsakanin likita da majinyaciya. Kotuna ma sun rabu, domin a 2014 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta soke irin wannan tanadi a North Carolina saboda tilasta wa likita furuci.

Ra'ayina kan tambaya ta farko yana nan. Kan ta biyu kuwa, yanzu nakan tambayi mace ko tana son ganin allon kafin in juyo shi.